Haƙƙin Talaka Tsakanin Takarda da Hannun Mai Mulki: Gwamnatocin Zaɓe a Yammacin Zamfara, 1950 zuwa 2022

Gabatarwa

Tsarin mulki, in an bi asalinsa, dabaibayi ne wanda jama'a su ke sa wa mai mulki. Yana faɗa masa abin da ya ke da ikon yi, yana kuma nuna masa inda ikonsa ya tsaya. Sojan da ya ƙwaci mulki da bindiga ba ya ɓoye cewa ya kwance dabaibayin nan, gama abin da ya kan fara yi ke nan, ya ce ya jingine tsarin mulki. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne mai mulkin da jama'a suka zaɓa, ya rantse zai kiyaye tsarin, sa'an nan ya riƙa ƙetare iyaka yana cewa zaman lafiya ya ke nema.

Nufin wannan takarda shi ne ta bi sawun irin wannan ƙetare iyaka a yammacin Zamfara, watau ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum da maƙwabtansu, cikin zamani uku na mulkin zaɓe: zamanin gwamnatin Jihar Arewa har zuwa 1966, da zamanin Shehu Shagari, da wanda aka shiga a 1999. Za a ga cewa a dukan zamanin nan uku haƙƙoƙin talaka rubuce su ke, ba a taɓa rasa su a takarda ba. Abin da a ke rasawa shi ne wanda zai tsaya tsakanin talaka da mai mulki sa'ad da mai mulkin ya ce haƙƙin ya jira tukuna.

Ƙasar da a ke magana a kanta

Anka tsohon gari ne, nan ne mazaunin Sarkin Zamfara tun cikin ƙarni na 19. Gummi tana da Sarkin Mafara, Bukkuyum kuwa Sarkin Danko. A zamanin Turawa duka ukun gundumomi ne cikin Lardin Sakkwato, hakimansu suna ƙarƙashin En'en Sakkwato, ba su rabu da ita ba sosai sai da aka yanke Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba, 1996. Tungar Daji kuwa ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Anka. Duniya ba ta san sunansa ba sai a 2010, sa'ad da gubar dalma, wadda ta fito daga dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400 a nan da waɗansu ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. An ɗauki mutumin irin wannan ƙauye ya zama ma'auni cikin takardar nan, domin shi ne ya fi kowa nisa da babbar kotu da lauya da gidan jarida.

Kada kuma a zaci siyasar adawa baƙuwa ce a wannan yanki. A Maru, gabas da Anka, Malam Aminu Kano ya shugabanci makarantar horon malamai daga 1949, Malam Abubakar Gumi, mutumin Gummi, yana cikin masu koyarwa tare da shi. Yana can Maru aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, kafin shekarar ta ƙare kuwa ya ajiye aikin gwamnati ya shiga siyasa sosai. Hanyar jirgin ƙasa da ta iso Gusau da Ƙaurar Namoda a 1929 ta riga ta tara 'yan kasuwa da masu sana'a da baƙi waɗanda ba su dogara ga hakimi don abincinsu ba. A irin waɗannan garuruwa NEPU ta fi samun gindin zama a Lardin Sakkwato.

Kayan aikin da aka gada daga En'e

Sa'ad da jam'iyyar NPC ta kafa gwamnati a Kaduna, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya zama Firimiya a 1954, ba ta ƙirƙiro wani sabon makami na danne abokan hamayya ba. Ta tarar da shi a ajiye. Turawa sun bar wa kowace En'e abubuwa huɗu: 'yan doka, da kotunan alƙalai, da gidan yari, da ikon ba da izinin taro ko hana shi. A bisa waɗannan ga kuma kuɗin haraji, wanda dagaci da hakimi su ke yanka wa kowane magidanci gwargwadon yadda suka ga ƙarfinsa. Muddin ba a siyasa, ana iya cewa waɗannan kayan mulki ne kurum. Amma da zaɓe ya zo, sai ya kasance galibin 'yan takarar NPC ma'aikatan En'e ne, ko hakimai, ko 'yan majalisar sarki. Masana irin su Richard Sklar da B. J. Dudley da C. S. Whitaker, waɗanda suka bincika al'amarin tun yana ɗanye, duk sun nuna haka.

Ga yadda abin ya kan gudana. Ɗan NEPU ya nemi izinin lacca a kasuwar gari. Wanda zai ba shi izinin shi ne maigidan abokin takararsa, ko ma abokin takarar da kansa. In an hana shi ya yi, ya taka doka, ɗan doka ya kama shi. In an ba shi ya hau tebur ya faɗi aibin hakimi, ya yi zagi ko ya zuga jama'a. Ko ta wace hanya, gaban alƙali za a kai shi, alƙalin kuwa En'e ce ta naɗa shi, ita ke biyansa, dokar kotunan En'e ta 1956 kuma ta hana lauya tsayawa a gabansa. In an yanke masa wata uku ko shida, gidan yarin ma na En'e ne. Akwai hanyar ɗaukaka ƙara, amma kafin takarda ta tashi daga gunduma ta isa Sakkwato, ta wuce gaba, mutum ya kan gama wa'adinsa, zaɓe kuma ya wuce. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda tarihin rayuwarta ya ƙidaya mata ɗauri 16, ita ce aka fi sani. Amma ɗaruruwan da aka ɗaure a gundumomi, ko aka ninka musu haraji har suka ƙaura, ba su sami mai rubuta sunayensu ba.

Tsarin zaɓen ma ya taimaka. A 1951 hawa-hawa aka yi shi, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, aka kuma ba En'e dama ta cusa mutanenta kashi 10 cikin 100 a hawa na ƙarshe. NEPU ta yi rinjaye a matakan farko a birnin Kano, amma ba ta kai ko mutum ɗaya Majalisar Wakilai ta Kaduna ba. A zaɓen tarayya na 1959 NPC ta ci kujera 134, NEPU ta ci 8. A zaɓen Jihar Arewa na 1961 NPC ta kwashe 160 cikin 170, NEPU ta tsira da ɗaya tak. A na Disamba 1964 'yan takarar NPC fiye da 60 aka ce sun wuce ba hamayya, abokan adawa suna kukan an hana su ko miƙa takardun tsayawa. Mata kuwa ba su jefa ƙuri'a a Arewa ba sai a 1976.

Gaskiya ce NPC tana da magoya baya na haƙiƙa masu yawa, musamman a karkara, kuma da an bar kowa ya yi laccarsa, mai yiwuwa ne da ita za ta ci. Gaskiya ce kuma bakin 'yan NEPU ba ya da linzami a kan tebur. Wannan ne ma ya sa abin ya fi ban takaici, domin gwamnatin da ke da rinjaye ba ta da larurar ɗaure marar rinjaye.

Akwai wani labari da ya kamata a ajiye kusa da wannan. Tun daga 1938 Sardauna yana zaune a Gusau yana duba gundumomin gabashin Sakkwato. A 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, lauya Bode Thomas ya tsaya masa, aka wanke shi. Watau mutumin da ya shugabanci Arewa shekara 12 ya san da jikinsa abin da kotun En'e ta ke iya yi wa wanda ya saɓa da manya, ya kuma san abin da ya cece shi: lauya, da kotun da ba ta cin abincin wanda ya kai ƙara.

Haƙƙoƙi sun shiga takarda, da ƙofar da aka bari

A 1957 gwamnatin Ingila ta naɗa hukuma a ƙarƙashin Henry Willink don ta ji koke-koken ƙananan ƙabilu. Cikin rahotonta na 1958 ta ƙi yarda a yanka sababbin jihohi, amma ta ba da shawara a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Aka kwaikwayo su daga yarjejeniyar ƙasashen Turai ta 1950, aka sa su aiki a 1959 kafin zaɓen tarayya, suka zama babi na 3 na tsarin mulkin 1960. Ga 'yancin faɗin ra'ayi, ga na taro da shiga jam'iyya, ga na zirga-zirga, ga na shari'ar adalci. A wannan lokaci kuma gwamnatin Arewa ta yi gyara mai auki: bisa shawarar kwamitin masana shari'a na 1958, wanda Babban Jojin Sudan Muhammad Abu Rannat ya shugabanta, aka rubuta dokar laifuffuka guda ɗaya wadda ta fara aiki a 1960, aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, inda Malam Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalai a 1962.

Amma an bar ƙofa biyu a buɗe. Ta fari, kusan kowane haƙƙi an bi shi da togiya, cewa ana iya taƙaita shi da doka saboda tsaron ƙasa ko zaman lafiya ko tarbiyya, muddin dokar abin karɓa ce a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Ta biyu, sashen da ya ba wanda a ke tuhuma ikon ɗaukar lauya ya keɓe kotunan En'e, watau kotunan da kusan dukan talakawan Arewa su ke gurfana a cikinsu.

Ba a daɗe ba aka gwada ƙofar farko. Dokar yara ta 1958 ta haramta wa wanda bai kai shekara 16 ba shiga harkar siyasa, ta kuma sa hukunci ga wanda ya ja shi ciki. NEPU ce ta fi tara samari, kowa kuwa ya san inda dokar ta dosa. A shari'ar Cheranci ta 1960 babbar kotun Arewa ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. A 1961 J. S. Olawoyin, ɗan adawa daga Lardin Ilori, ya kai maganar Kotun Ƙoli ta Tarayya a Ikko, aka ce masa ba shi da hurumin ƙara tun da ba a kama shi ba tukuna. Da haka talaka ya koyi cewa kotu ba za ta duba doka ba sai ta cije shi, in kuwa ta cije shi, a gaban alƙalin En'e zai fara bayani.

In aka tambayi gwamnatin Kaduna, amsarta ita ce waɗannan al'amuran En'e ne, ba ta tsoma baki cikin shari'a. Amsar ba ta tsaya ba. A 1962 gwamnatin nan ta ɗora kwamishinonin lardi, 'yan siyasa, bisa kowane lardi. A 1963, bayan binciken D. J. M. Muffett a kan kuɗin En'en Kano, ta sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus ya koma Azare. Gwamnatin da ta iya sauke Sarkin Kano ba za a ce ta kasa hana ɗan doka dukan mai lacca a kasuwar ƙauye ba.

Ba Arewa kaɗai ke da wannan ciwo ba. A Jihar Yamma an kafa dokar ta-ɓaci a Mayu 1962, a 1963 kuma, da kotun ƙoli ta Ingila ta yanke hukunci a kan Akintola, sai majalisar jihar ta gyara tsarin mulkinta ta mai da gyaran baya don hukuncin ya faɗi. A Gana gwamnatin Nkrumah ta yi dokar tsare mutum ba shari'a a 1958, J. B. Danquah ya mutu a kurkuku a 1965. A maƙwabciya Nijar gwamnatin Diori Hamani ta haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959. Duka gwamnatocin zaɓe ne. Abin lura kuma, a Arewa ba majalisar zaɓaɓɓu ce ta raba En'e da makamanta ba. Gwamnatin soja ta Yakubu Gowon ce, daga 1968, ta karɓe kotuna da gidajen yari, sa'an nan ta narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya.

1980: Shugaba da Bakolori

Tsarin mulkin 1979 ya dawo da haƙƙoƙin nan, ya ƙara musu ƙarfi. 'Yan doka sun tafi, 'yan sanda sun zama na tarayya. Duk da haka shekara ɗaya ba ta cika ba sai da abubuwa biyu suka faru waɗanda in an jera su za su nuna inda gizo ke saƙa.

A Janairu 1980 jami'an shige da fice suka kama Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye na jam'iyyar GNPP a majalisar Jihar Borno, suka tsallakar da shi Cadi bisa takardar Ministan Harkokin Cikin Gida, wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Jam'iyyarsa ta tashi tsaye, lauyoyi suka shiga, jaridu suka ɗauka. Cikin 'yan watanni babbar kotun Maiduguri ta ce korar haramtacciya ce, ta tabbatar masa da zamansa ɗan ƙasa, ta kuma yanka masa diyya.

A ƙarshen Afrilu na wannan shekara, a ƙasar Talatar Mafara, arewa da Anka, manoman da madatsar ruwa ta Bakolori ta cinye wa gonaki suka tare hanyoyin aikin suna neman diyyarsu. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina madatsar a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, dubban iyalai suka tashi, waɗansu kuma aka hana su shuka shekara da shekaru ana gyaran fili. A lokacin Shehu Kangiwa ne gwamnan Sakkwato. Aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta, aka ƙone ƙauyuka, Birnin Tudu na cikinsu. Hukuma ta ce waɗanda suka mutu ba su wuce 20 da 'yan kai ba. Masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Yusufu Bala Usman, suka ce ɗaruruwa ne, adadin da aka fi ambata kuwa 386. Tsarin mulkin da ya kare Shugaba shi ne ya ce ba a kashe mutum ba bisa shari'a ba, ba a kuma karɓe dukiyarsa ba diyya. Bambancin da ke tsakani, ɗaya yana da jam'iyya da lauya da kujera a majalisa, ɗayan kuwa fartanya gare shi.

Dokar izinin taro ma ba ta mutu da En'e ba, sheƙa ta sake. Dokar zaman lafiya ta 1979 ta mai da ikon hannun gwamna da 'yan sanda. Sai bayan da aka watsa taron jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa a Satumba 2003, jam'iyyun adawa suka kai ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a Disamba 2007 cewa tilasta neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki. Shekara 47 ke nan bayan an rubuta 'yancin taro cikin tsarin mulkin 'yancin kai.

Oktoba 2022

Wanda zai yi hukunci a kan abin da ya faru a Zamfara a shekarun baya-bayan nan, wajibi ne ya fara da yarda cewa masifar gaskiya ce. 'Yan bindiga sun kashe dubbai, sun kwashe mutane don kuɗin fansa, sun ɗora wa ƙauyuka haraji. A farkon Janairu 2022 kaɗai sun auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ƙidaya gawa 58, mutanen wurin suka ce sun kusa 200. Ba gwamnan da zai ga haka ya naɗe hannu.

Bello Matawalle ya hau mulki ta hanyar kotu. Ran 24 ga Mayu, 2019, Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un jam'iyyar APC a Zamfara saboda ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta ce ba, shi da ya zo na biyu a ƙarƙashin PDP ya zama gwamna. A Yuni 2021 ya koma APC. A farkon Satumba 2021, bisa roƙon gwamnatinsa, hukumar sadarwa ta tarayya ta sa kamfanoni suka yanke layukan waya a jihar duka. An ce mako biyu ne, amma a wajen Gusau abin ya kai ƙarshen Nuwamba. Aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar dabbobi da sayar da mai a jarka. Mutumin ƙauye ya wayi gari ba ya iya kiran ɗan'uwa, ba ya iya sayar da akuya, harin Janairu kuwa ya zo bayan duk wannan.

Ran 12 ga Oktoba, 2022, bisa jadawalin hukumar zaɓe, aka buɗe yaƙin neman zaɓen gwamnoni. Cikin kwanakin nan gwamnatin Zamfara ta fitar da umarnin gwamna mai lamba 10, ta rufe ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi da waɗansu garuruwa, ta hana zirga-zirga, ta kuma dakatar da tarurrukan siyasa a jihar. Jam'iyyar PDP ta yi taronta a Gusau duk da haka, ɗan takararta Dauda Lawal yana wurin. Ran 15 ga wata Kwamishinan Watsa Labarai Ibrahim Dosara ya ba da sanarwar rufe gidajen rediyo da talabijin da suka ɗauki taron, cikinsu har da NTA ta Gusau da Pride FM, waɗanda mallakar gwamnatin tarayya ne, da Gamji da Al'umma. Aka umarci 'yan sanda su tabbatar da rufewar.

A nan iyakokin a fili su ke. Tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin faɗin ra'ayi a sashe na 39, na taro a sashe na 40, na zirga-zirga a sashe na 41. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita su, amma da doka, doka kuwa aikin majalisa ne. Dokar ta-ɓaci tana sashe na 305: Shugaban Ƙasa ne ke kafa ta, Majalisar Tarayya ta amince, tana kuma da wa'adi, gwamna roƙo kurum ya ke iya yi, da goyon bayan kashi biyu cikin uku na majalisar jiharsa. Lasisin gidan rediyo kuwa ba ya hannun gwamna ko kaɗan, yana hannun hukumar NBC ta tarayya. Hukumar ta fito ta ce rufewar haramun ce, ƙungiyoyin 'yan jarida da na masu gidajen watsa labarai suka yi ca. Cikin kwana biyu zuwa uku gwamnatin jihar ta janye, ta nemi gafara. A zaɓen Maris 2023 Dauda Lawal ya kayar da Matawalle.

To, ga Shugaba da Bakolori sun sake bayyana da wata kama. Gidajen rediyo suna da hukuma da ƙungiya da murya, aka buɗe su kafin mako ya zagayo. Hayaniyar da aka yi kusan duk a kansu aka yi ta. Mutanen ƙananan hukumomi uku da aka rufe wa hanya da kasuwa, ba a ji an tsaya ana tambaya da wace doka aka rufe su ba, ko har yaushe, ko wa zai biya wanda kayansa suka lalace. Mai yiwuwa ne rufewar tana da hujja ta tsaro. Amma hujjar da ba a kai ta gaban majalisa ko kotu ba, mai ita kaɗai ya auna ta, shi kuwa ɗan takara ne a zaɓen da ya dakatar da tarurrukansa.

Abin da tarihin ya nuna

Abu uku suka fito daga wannan bincike. Na fari, ba a cika ƙetare tsarin mulki da sunan zalunci ba. Da sunan zaman lafiya a ke yi, sau da yawa kuma barazanar da a ke ambata tana nan da gaske. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce wa ya auna barazanar, wa kuma zai iya ce masa ya wuce gona da iri. Na biyu, duk inda ikon hana taro, ko kama mutum, ko rufe bakin mai magana ya faɗa hannun wanda ke takara, za a yi amfani da shi, ko hakimi ne a 1959 ko gwamna a 2022. Sauya sunan ofis bai taɓa magance wannan ba. Na uku, kotu ta yi aiki a tarihin nan fiye da sau ɗaya: ta wanke Sardauna, ta dawo da Shugaba, ta soke izinin taro, ta ɗora Matawalle bisa kujera. Sai dai duk waɗanda ta cece su masu iya isa gare ta ne, biyu daga cikinsu kuma, da mulki ya zo hannunsu, ba su sauƙaƙa wa na ƙasa da su hanyar isa ba.

Ga malaman makarantun horon malamai akwai aiki a nan, irin wanda aka fara a Maru tun 1949. Ɗalibin da zai fita ya koyar a Anka ko Gummi ko Bukkuyum ya kamata ya fita ya san babi na 4 na tsarin mulki da Hausa, ya san togiyar sashe na 45 da iyakarta, ya kuma saba da tambayoyi huɗu waɗanda za a yi wa kowane umarni da ya taɓa 'yancin jama'a: wace doka ta ba da iko, wace majalisa ta yi ta, yaushe wa'adinta zai ƙare, a wace kotu kuma za a ƙalubalance ta. Ga masu binciken tarihi kuma, littattafan kotunan alƙalai na gundumomin Sakkwato da fayilolin lardi da ke ma'ajiyar tarihi ta Kaduna suna jiran mai tonawa, tsofaffin da suka ga zamanin NEPU da waɗanda suka tsira daga Bakolori kuwa kullum raguwa su ke yi. Allah ya sa a rubuta abin da suka gani tun suna da rai.